Injin Baba Ya Tashi da Ja Ɗaya

Kafaɗar mahaifina ta dama ce ta riga shi tsufa. Tun ina yaro yake su a Tiga da filafili, har zamanin inji ya zo ya sayi na hannu, irin wanda ake ɗaurawa a bayan kwalekwale a tashe shi da igiya. Injin akwai gudu, amma gardama gare shi kamar jakin aro. Sai an yi ta fizgar igiya kafin ya ga dama ya tashi, fizgar nan kuwa ita ke cinye wa tsoho kafaɗa. Da likita ya yi magana, ƙannena suka yanke shawarar a sayar da injin, Baba ya zauna a gida. Ni na san in aka raba shi da ruwa an gama da shi, abin ya tsaya mini a rai.

Gyara sana'ata ce, ina da rumfa a Tudun Wada inda nake duba babura da injinan ban-ruwa. Sai dai ni ne ɗan fari, Baba kuma mutumin da ne. Ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake zaune, balle ya ce in duba masa inji. Gara ya kai wa abokansa masunta, su kuwa maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a kwance fulogi, a gasa shi a wuta, a kankare da wuƙa, a buɗa bakinsa, wai in baki ya yi faɗi wuta ta fi yawa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ta hannun Baffa, ƙanin Baba, na bi. Ya je ya ce aron injin yake so. Baba ya san Baffa ko gonar fadama ba ya shiga don tsoron ruwa, amma duk da haka ya ba shi.

Da na buɗe sai na tarar da fulogin babur a ciki, baki wangale. Na jingina shi a jikin ƙarfe, na lulluɓa rigata don in ga launin wutar, Baffa ya ja igiya. Wutar ja ce, mara ƙarfi, tana zuwa tana ɗaukewa. Koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ma ya tsage, laima na shiga. Na tafi Kano neman kayan da aka yi don injin ruwa. Mai shagon ya dage in ɗauki wani akwatin wuta na masu tsere, wai jirgi zai riƙa tashi sama. Na ƙi. Irin wannan wutarsa kan riga lokaci, inji ya fizge igiya daga hannun mai ja, ni kuwa kafaɗa na zo ceto.

Na sa sabon koyil da fulogin da ya dace, na auna bakinsa da kaurin zarton yanka ƙarfe, na ɗan ja saitin wutar baya. Sannan na tsoma gindin injin a durom na ruwa, na zauna a kujera ina ja da hannun hagu, a hankali, yadda tsoho zai ja. Ban bari ba sai da ya riƙa kamawa a jan farko, ko da sanyi.

Ranar da muka mayar da shi, wani ƙanina har ya zo bakin ruwa da mai saye. Baba ya shiga jirgi bai dubi inda nake ba. Ya yi bismilla, ya ja. Injin ya ɗauka. Ya kashe ya sake ja, ya sake ɗauka. Sai ya juyo wajen ƙanina.

"Ka ba baƙonka haƙuri," in ji shi. "Ba na sayarwa ba ne."

Ya juya jirgi ya nufi tsakiya. Na gyara injuna ba iyaka, amma ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba. Da la'asar sai ga Baffa a gidana da ƙaton kifi, ragon ruwa, wai Baba ya ce a ba jikansa, wato ɗana. Jikan nan a lokacin ko haƙori bai fito masa ba.