Ƙofar da Na Yi wa Maganar Inna

A shekarun fari, wajen tsakiyar tamanin, rijiyar ƙauyenmu da ke gefen Gangara ta rufta. Maza duk sun watse cirani. Inna ce ta sayar da sauran awakinta, ta ɗauko mahaƙa daga Tanut, ita da matan gari suna jan ƙasa da guga har ruwa ya ɓullo. Lokacin ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma Allah Ya sa na ɗauki labarin daga bakinta a kaset kafin ta rasu.

Bayan na yi ritaya, ƙungiyarmu ta ƴan Damargu ta buɗe shafi a intanet, inda kowa ke zuba abin da ya ji daga tsofaffi. Taubashina, ɗan kawuna ƙanen Inna, shi ya kafa shafin. Ƙofar shiga tana hannun wani kamfanin waje da sunan taubashin, kalmar sirri kuma guda ɗaya ce, mu duka da ita muke shiga, kamar mabuɗin rumbu da kowa ya san inda ake rataye shi. Na zauna na kwafe maganar Inna daga kaset, ban ƙara ko gishiri ba, na saka.

Wata rana na buɗe, sai na tarar an cire Inna daga rijiyarta. Duk inda take an sa Kawu. Har awakin sun zama nasa.

A wurin wani suna a Tanut na tare taubashin nawa. Ya washe baki, ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Baiwata, ashe kin gani? Ai abin ɗiyar mace na ɗan namiji ne, ko da rijiya ce."

Aka kwashe da dariya. A wurinmu wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne marar tarbiyya, don haka ni ma na yi dariyar dole. Na koma na gyara, ya sake canjawa. Na sake gyarawa, ya sake. Ya san sarai ba ni da bakin kai ƙara, kuma da yake mabuɗin ɗaya ne, ba mai iya cewa ga hannun da ya taɓa. Na tsani mutumin nan a watannin, ba zan ɓoye ba. Ya ci awakina ko ya kwashe mini zannuwa da sunan wasa, zan haɗiye, amma matar da ke kabari ba taubashiyarsa ba ce.

A taron ƙungiya na tashi na ce bai kamata ƙofar gidanmu ta zauna a hannun baƙi ba, gara mu kafa tamu. Maganar gaskiya ce, ko da ba ita ta tashe ni ba. Shi ya fara tafa mini, har da cewa tsohuwa za ta koyi rawa. Aka amince.

Na samo tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, na haɗa ta da sola a ɗakina, na zuba mata manhajar da aikinta gadi ne kawai: ta tambaye ka wane ne kai, in ta yarda da kai ta shaida wa shafi ya buɗe maka. Na sha wuya. Na ɗaura tabarau ina bin bayanin Faransanci layi layi, ina kuskure ina sakewa. Abin da ya fi ci mini rai, mai gadin ya ba da izini, shafi ya ƙi karɓa. Ashe agogon na'urar ne ke komawa baya duk lokacin da wuta ta ɗauke, shafin kuwa ba ya karɓar izinin da lokacinsa ya saɓa. Na canja ɗan batirin agogon, suka gane juna. Duk ranar da na so yin zuciya, sai in tuno bakinsa a wurin sunan nan, in gyara zama.

Da aiki ya kammala, kowa ya samu sunansa da kalmarsa, duk abin da ka taɓa kuma da sunanka zai fito. Mabuɗin wasu na rubutu ne, na wasu na wallafawa. Taubashina na yanka masa mabuɗi mai kyau, na karatu kawai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma shi bai san da haka ba, sai ya kai ƙarata wurin Kawu, wai na kulle shi waje. Kawu ya tsufa, ido ya tafi, bai san me ake kira shafi ba. Ya aiko na je, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata, mi ya haɗa ki da ɗan'uwanki har da rufe ƙofa?"

"Kawu, ban rufe ba. Mabuɗinsa yana karatu. Ya karanta maka abin da muke ja a kai."

Taubashin yana zaune a gefe, na miƙa masa wayata. Ba yadda zai yi, gaban mahaifinsa ne. Ya karanta tun daga ruftawar rijiya har fitowar ruwa, muryarsa tana ƙanƙancewa. Da ya kai ƙarshe, Kawu ya gyaɗa kai.

"Haka aka yi. Yaya ce ta haƙa. Ni lokacin ina Kano ina ga-ruwa, ko guga ban ja ba." Ya juya fuska wajen ɗansa. "To mine ne abin ja a nan? Wa ya ce ba ita ba ce?"

Taubashina ya dube ni, irin duban mai neman a rufa masa asiri. Da na so, kalma ɗaya ta isa in fitar da shi. Na gyara mayafina na yi shiru, na bar tsohon yana jiran amsa daga bakin ɗansa. Daɗi na ji, kuma har yau ban yi nadama ba.