Halshena da Rana a Bayanta

Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin agogon bangon ajinmu na zuba wa ido don kada in dubi kowa. Malamar da ke koya mana ilmin tsirrai, wata Baturiya doguwa da ta iya Hausa har da faɗa, ta ɗaga littafin zanena sama, ta juya shafi na goma sha huɗu wajen 'yan aji.

"A ina kika ga wannan fure?"

Na ce a kan dutse, bayan ƙauyen kakata, hayin Kwara, kusa da iyakar Dahomey. Muryata ba ta wuce benci na biyu ba.

A shekarar da aka samu 'yancin kai ne, ina makarantar kwana ta 'yan mata, nesa da gidanmu na Bagudo. An ba mu aiki mu zana tsirrai ashirin da muka gani da idonmu. Da wannan aikin Malama za ta zaɓi waɗanda za a tura su ci gaba da karatu, kuma ta faɗa tun farko cewa duk wadda ta kwafa daga littafi ta cire kanta. Ni kuwa ban da karatu ba ni da wani abu da na iya. Ba na wasa, ba na waƙa, ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci.

Malama ta ɗauko wani babban littafi daga ɗakin karatu, ta buɗe hoton wani fure na Afirka ta Kudu, inda ta taɓa zama. Sunansa Protea. Ta ajiye zanena kusa da shi. Sun yi kama ƙwarai, har da wani farin haske siriri da ya zagaye bakin furen. A katin aron littafin kuma sunana ya fito sau uku. Gaskiya na ari littafin, domin a cikinsa na fara ganin dangin itacen da kakata ke kira halshena.

"Ko da akwai irinta a wajenku," in ji Malama, "wannan hasken ba a daji ake ganinsa ba. Aikin mai hoto ne na birni, da fitila. Na ba ki hutun nan. Ki kawo mini abin da zai sa in yarda, in ba haka ba babu sunanki."

Furen kam zan iya tsinkowa in busar. Hasken ne ban san yadda zan sa shi a akwati ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, fatauci yake yi tsakanin Bagudo da kasuwannin Dahomey, kuma a can ya sayo kyamara, baƙar aba mai kamar ƙaramin akwati. Daidai cibiya ake riƙe ta, a leƙa wani ɗan gilashi daga sama. Kekensa ya fi kowa shan hoto. Sai da na kwana uku ina juya maganar kafin na iya roƙonsa.

"Ke, 'yar boko, itace za ki yi wa hoto? Mutane sun ƙare?"

Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya ɗauko fim ɗin da ya ɓoye don Sallah. Hoto takwas ne a ciki. Ya ba ni dokoki uku da ya koya daga mai wanke masa hoto. In tsaya taku huɗu daga abin, in riƙe numfashi, kuma rana ta kasance a bayana.

"Wannan ta ƙarshe ita ce uwar sana'a," in ji shi. "Wanda duk yab bari rana ta dubi kyamara ya yi hasarar fim."

Na ƙetare kogin Kwara a jirgi zuwa wurin kakata. Makiyaya sun riga sun sa wa ciyawar dutsen wuta, ƙasa ta yi baƙi, amma halshena na nan tsaye, tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Ɓawonta mai kauri ya babbake daga waje kawai, kuma wadda wuta ta ci har ƙasa ta sake tsirowa daga gindi. Ganyenta dogo ne mai kauri, kamar fatar da aka jeme. A fadama ko gona ba a samun ta, sai kan marmara da tsakuwa, inda gero ba ya yi. Kakata ta ce ta taɓa dasa ɗaya a bayan ɗaki, ta zuba mata taki, ta mutu cikin wata guda.

"Ba ta son gata," in ji ta. "Kamar ki."

Ranar farko na zauna da allura na warware fure ɗaya a kan farin ƙyalle. Abin da na ɗauka fure guda ne ashe taro ne. Na wajen nan masu kamar ƙoƙo, ɓawo ne da ke tsaron na ciki, kuma gashi mai laushi ya rufe bayansu. Furannin gaske su ne siraran zaruruwan tsakiya, kowane da mazaunin irinsa a gindi. Na jera su goma goma, na kai ɗari da ashirin kafin iska ta ɓata mini layi. Ƙwari sun cika tsakiyar suna shan zaƙi.

Da hantsi na yi hoto shida, rana a bayana, taku huɗu, numfashi a riƙe. Kowane na rubuta lokacinsa a takarda. Amma duk sa'ad da na leƙa gilashin abu ɗaya nake gani. Furen ya fito fari dusu-dusu kamar curin tuwo, babu hasken da na zana. Na fara tunanin ko Malama na da gaskiya, ko idona ya ɗauko shi daga littafi ban sani ba.

Da yamma muna tsince wake na tambayi kakata ko ta taɓa ganin bakin furen yana haske.

"Kullum. In mun tafi itace."

Sai na tuna. Tun ina ƙarama, da sassafe muke hawa dutsen ta gefen yamma, rana na fitowa a gabanmu. Ban taɓa ganin halshena da hantsi ba sai ranar. Hasken da na zana rana ce ke ratsa gashin nan daga baya. Hoto biyu suka rage mini, kuma dokar kawu ta hana abin da nake bukata.

Washegari bayan sallar asuba muka hau, kakata ɗauke da ƙwaryar furarta. Na zaɓi itace mai fure uku, wanda gangaren da wuta ta ci ke bayansa cikin inuwa. Da rana ta leƙo, bakin kowane fure ya kama kamar an zagaye shi da zaren azurfa, jijiyoyin ganyen suka fito ɗaya ɗaya. Na leƙa gilashin, ban ga komai ba sai fari. Rana ta shiga idon kyamarar. Na matsa dama, na matsa hagu, na durƙusa, hawaye suka fara zuwa.

"Ƙawata, mi anka yi?"

Na ce rana ce ta makantar da kyamarar.

"To ke in rana ta dame ki mi kika yi? Bokon ga naku sai a hankali."

Ta cire faifan da ta rufe fura da shi, ta riƙe shi sama da kyamarar, ɗan gaba kaɗan, kamar yadda take kare idonta da hannu in tana hangen jirgi. Inuwa ta faɗa kan idon kyamarar. A cikin gilashin furanni uku suka bayyana, suna haske a kan baƙar ƙasa. Na danna, daidai lokacin da ta yi atishawa faifan ya goce. Ta ce ba ita ba ce, toka ce. Na murɗa fim, na jira iska ta kwanta, na riƙe numfashi, na danna na ƙarshe.

Mai wanke hoton yana wata kasuwa a cikin Dahomey. Kawu ya ɗauke ni a bayan keke muka wuce rumfar masu tsaron iyaka, da sabuwar tutarsu a kan gora. Mutumin gajere ne, yatsunsa sun yi ruwan ƙasa saboda magani, yana haɗa Hausa da Dandanci. Muka bar fim, muka dawo ranar kasuwa ta gaba. Ya miƙo mini hoto shida.

"Biyun nan ba su kama ba, 'yata. Kin ba rana fuska."

"Na gaya mata," in ji kawu. "Wallahi na gaya mata."

Al'adar masu sana'ar ce su ɗaga fim ga haske, wanda suka ga ba shi da duhu sosai ba sa ɓata takarda a kansa. Nawa biyun na cikin gwangwanin da yake zuba yankakku. Kawu ya riga ya kama keke. Ni da ban taɓa yi wa baƙo magana ba sai an tambaye ni, na ji bakina ya ce, "Baba, don Allah a wanke na takwas."

Ya zaro shi ya ɗaga a bakin ƙofa. Kusan fayau yake kamar ruwa, sai 'yan layuka baƙaƙe sirara.

"Duba da kanki. Wofi ne."

"Inda ya yi fayau ƙasa ce da wuta ta ci. Layukan su nake so."

Ya dubi kawu. Kawu ya ce, "Yau na ji muryarta. Yi mata, mu huta."

Ya shiga ɗakinsa mai duhu, muka zauna a inuwar rumfa. Da ya fito, takardar na ɗigar ruwa, bai miƙo mini ba. Ya tsaya a rana yana dubawa, ya kira maƙwabcinsa tela ya gani. Hoton bai fi tafin hannu ba. Baƙi ne wuluk, a tsakiyarsa furanni uku, kowane da zoben haske.

"Da mi kinka tare rana?"

"Da faifai."

"Faifan fura?" Ya yi dariya har da dafa bango. Ya roƙe ni in bari ya ƙara wanke wani irinsa ya manna a allon ƙofarsa. A hanyar dawowa kawu ya gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa shi ya koya mini.

Ranar da aka koma makaranta, na jira darasin Malama. Na tashi ba tare da an kira ni ba, na jera mata kaya a tebur: busasshen fure a ƙyalle, zaruruwan da na warware, hotuna shida na hantsi, na takwas a gefe, da takardar da na rubuta lokacin kowane. Ta ɗauko gilashinta na ƙara girma. Ta daɗe a kan busasshen furen tana shafa gashinsa da ɗan yatsa. Ta buɗe shafi na goma sha huɗu, ta ɗora hoton a kai. Wannan karon ban dubi agogo ba.

Na ce, "Malama, sunana fa?" Har na bencin baya suka ji.

Ta cire tabarau, ta miƙo mini alli.

"Ba ki kwafa ba. Ni ce na yi kuskure, kuma a gaban aji na yi shi, don haka a gaban aji nake faɗa. Sunanki ne na farko. Yanzu je ki allo ki nuna mana inda rana ta tsaya, da inda kika tsaya, ni ma ina so in koya."