Barkonon da na zuba wa sarƙoƙin ƙawayen amarya

A lokacin ni matar gida ce a wani ƙauye tsakanin Bakori da Funtua, ban yi nisa a boko ba, ga surutu kamar rediyo, amma hannuna ba ya zama haka nan. Duwatsun ado na kasuwa sun fi ƙarfina, sai na koma ga abin da ke zube a tsakar gida. In tara 'ya'yan tsamiya da na kuka, in tafasa su su yi laushi, in huda da basilla, in shanya, in shafa musu jan farce, sannan in zura a zare. Wallahi in kuka gani sai ku rantse daga kanti aka sayo.

Maƙwabciyata Kirista ce, katanga ɗaya ta raba mu, Yaya nake ce mata don ta girme ni. Da za ta aurar da 'yarta bayan Ista, sai ta leƙo ta katanga ta ce ni zan yi wa amarya da ƙawayenta sarƙa da 'yan kunne, so take dangin ango na Malumfashi su san su ma suna da gwana. Ranar don murna tuwona har ya kama. Na zauna na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba, ja da ruwan ƙwai, daidai da ankonsu.

To, sai na ga wani ɗan ƙwaro ya fito daga ƙwaya ɗaya. Ga biki da saura, kafin ranar ƙwari za su iya cinye mini aikin. Ni kuwa 'yar manoma ce, na san maganin ƙwarin wake tun a ɗakin innata. Na daka busasshen barkono, na juye sarƙoƙin a gwangwani, na barbaɗa, na rufe ruf. Ranar biki na kakkaɓe, na goge da tsumma, suna ta walƙiya. Ban tuna cewa wake ana wanke shi kafin ya shiga tukunya ba, kuma garin barkonon ya shige ramukan ya kwanta a zare.

Da aka fito daga coci aka dawo gida, 'yan zumuntar mata suka saki kiɗa, 'yan mata suka shiga fili, rana kuwa ta take. Ina gefe ina washe baki, duk wadda ta tambaya in ce ai ni na yi. Zufa na karyowa sai na ga babbar ƙawa tana sosa wuya, ta kusa da ita ta fara atishawa, wata ta ce kunnenta wuta yake ci. Amarya dai ba ta motsa ba, hawaye kawai ke zuba. Tsofaffin dangin ango suka yi ta yaba ta, wai ga yarinya mai tarbiyya, tana kukan rabuwa da uwa.

Nan take na gane barkonona ne. Na ja Yaya bayan rumbu na faɗa mata komai, ina jiran ta ce kada in ƙara taka gidanta. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, 'yar tawa kika yi wa ajiyar wake?" Sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa rumbun. Muka ja yaran ɗaki ɗaya bayan ɗaya, muka cire, muka wanke musu wuya da nono muka shafa man kaɗe. Amarya ta kwana biyu da jan wuya, abin da har yau yake ci mini rai.

Ban daina sana'ata ba, yanzu har daga Malumfashi ake aikowa. Sai dai ƙwaya ina ƙara tafasa ta in shanya ta bushe ƙarau, kuma kowace sarƙa sai ta wuni a wuyana ina aikin murhu kafin ta fita. 'Yan'uwana mata masu aikin hannu, dabarar rumbu ku bar ta a rumbu, abin da zai taɓa fatar mutum ku fara gwadawa a taku. Dangin ango kuwa har gobe suna ba da labarin amaryar da ta yi kuka, ni da Yaya ba mu taɓa gyara musu ba.