Malam Abdulhadi da Ɗigo Uku na Harafin Tsa

Kullum da hantsi, idan ya gama zagaya gonarsa, Malam Abdulhadi yakan hau tsohon kekensa ya nufi shagonsa na buga takardu a bakin kasuwar Ɗambatta. Ya share ƙofa, ya goge kwamfuta da gefen rawani, ya gyara zaman tabarau. Kafin shayinsa ya huce, mutane sun cika benci. Shekara talatin ya yi yana koyar da Larabci a firamare, ya ƙara goma sha biyu a shagon nan yana buga wa manoma rubutun Ajami.

Mutanen Watari ba za su manta da shekarar tumatir ba. Malamin gona, Kamaruddeen, ya tura wa manoman rani saƙo ta waya da Ajami, tunda yawancinsu shi suke karantawa. Abin da yake nufi shi ne, bayan feshi a tsaya kwana bakwai kafin a tsinki tumatir. Amma madannan Larabci na wayarsa ba su da harafin tsa, sai ya sa harafin ɗa mai hannu, wanda ɗigo uku a sama ne kawai ya raba su. "Tsaya" ta koma "ɗaya".

Inna Hure, wadda ke noman rani tun rasuwar mijinta, ta riga ta jera kwanduna a gona, sai zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta shiga mota ta zo shagon, ta miƙa masa wayar.

"Malam, duba mini. Kwana ɗaya ne ko bakwai? Jikokina ne za su fara ci."

Malam ya karanta, ya gane kuskuren. Nan take ya kira Kamaruddeen, aka bi gonaki da babur ana gyara magana baki da baki. Allah ya tsare, ba wanda ya kai tumatir kasuwa.

Wani da nan zai tsaya, ban da Malam. Ya riga ya san kwamfuta ba harafi take ganewa ba, lamba take ganewa, kuma kowane harafi da tasa lambar a wani babban kundi na duniya da ake kira Yunikod. Kwana huɗu yana bin jadawalin harufa ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ja. Rana ta biyar ya ga harafin tsa zaune da ɗigonsa uku, a lamba ta dubu ɗaya da ɗari shida da casa'in da biyar. Tela maƙwabcinsa ya ce dariyar da Malam ya yi ranar, ya zaci haihuwa aka yi masa.

Ya ɗora harafin a madannan kwamfutarsa, ya tura wa malaman gona da limamai su ajiye a wayoyinsu. Masu tsofaffin wayoyi, waɗanda harafin ke fito musu kamar ɗan akwati, ya buga musu saƙonnin a takarda aka liƙa a ƙofar masallaci.

Malam, kai ne ka zauna ka koya wa Kamaruddeen ba tare da ka kunyata shi ba. Kai ne ka sa dattijon da bai shiga boko ba ya karanta saƙon wayarsa da kansa, bai nemi mai karanta masa ba.

Bana idon Malam ya yi rauni, ya miƙa shagon ga Malama Bilkisu, tsohuwar ɗalibarsa. Da aka tambaye shi ko zai huta, sai ya ce saura ya koya mata inda harafin ɓa yake.

Mun gode, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka iya danna waya, kowa ya nemi wani dattijo a unguwarsu ya zauna da shi, ya nuna masa harufansa.