Ɗakin Da Aka Gyara Don Hukuma

Tun tana budurwa take sharar otal, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Tsumma. Aikinta guda ne. Baƙo ya fita, ta shiga, ta mayar da ɗaki kamar ba a taɓa yin numfashi a cikinsa ba. Ko silin gashi ba ya tsira a kan matashi. Da wannan aikin ta riƙe 'yarta Shalele, tun ranar da uban, direban tanka, ya sake ta da goyo a baya.

Shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai da yarinya ta isa aike ya tuna ya haihu. Ya kai ƙara kotu, wai uwa ba ta zaman gida, 'yarsa a ɗakunan maƙwabta take kwana kamar mage, a ba shi abarsa. Alƙali ya ce za a turo jami'a ta ga inda yarinyar take zaune, kuma abin da ta gani shi za a bi.

Ana gobe zuwan, yayar Mai Tsumma ta faɗo gidan, irin matan nan da ba a tambaye su ba sun riga sun ba da amsa.

"Wannan kangon za ki nuna wa hukuma? Ke da kike gyara wa manya ɗaki?"

"To Yaya, ɗakin mai yaro ne."

"Mai yaro ko mai akuya? Tashi."

Suka hau aiki. Zanen kajin da Shalele ta yi wa bango da biro, aka bi shi da fenti. Gwangwanin da take tara murafen kwalba ya tafi bola. Ƙaramar katifarta mai taswirar fitsari aka naɗe, aka kai ɗakin maƙwabciya, da takalmanta da 'yar tsanarta mai ido ɗaya. Ita ma yarinyar can aka tura ta, aka ja mata kunne kada ta sake ta tako.

Jami'ar ta zo da hantsi, doguwa, marar fara'a. Ta ƙi zama. Ta dubi bango, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe bayan ƙofa.

"Ɗaki tsaf," ta ce.

Mai Tsumma ta yi murmushi, Yaya ta gyara zama.

"A ina yarinyar take kwana?"

"Nan, ranki ya daɗe."

"A kan me?"

"Katifarta tana... tana nan maƙwabta."

"Ita fa?"

"Tana can ita ma."

Yaya ta fita da sauri ta janyo Shalele. Yarinyar ta zo bakin ƙofa ta toge, tana kallon sabon fenti.

"Shigo mana, 'yan mata," in ji jami'ar. "Ba ɗakinku ba ne?"

Shalele ta dubi uwarta, ta dubi Yaya, ta ɓoye hannuwa a baya.

"An hana ni shiga."

Mai Tsumma ta buɗe baki za ta yi bayani. Jami'ar ta riga ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta shafa kan yarinyar, ba ta waiwayo ba.

"Ranar zaman kotu ki zo da ita," ta ce. "Ki haɗo mata kayanta, in akwai."