Ranar da Jirgina Ya Yi Rawa a Mashayar Argungu

Har gobe ba zan manta da ranar da na koma bakin aiki bayan karayar ƙafata ba. Zamanin Turawa ne, ina cikin masu fito na En'e a Argungu. In damina ta sauka gulbi ya cika, mu ke ƙetarar da mutane da kaya. Wata rana goshin jirgi ya matse mini ƙafar dama da gaɓa, idon sawu ya goce, ƙashi ya tsage. Kawuna ya kai ni wurin wani maɗori a Birnin Kebbi, na sha kwanciya har na gaji da kallon rufin ɗaki.

Ƙa'idarmu ita ce, wanda ya dawo daga jinya sai ya ƙetarar da jirgi cike shi kaɗai. In ya kasa, a karɓe gorar tuƙinsa a mai da shi gadin sito. Ni kuwa na fi son komai da wannan zama.

Helumanmu, wato shugaban ma'aikata, Baba Nomau, ya dubi ɗingishina ya ce, "Garba, ka tabbata ƙahwag ga ta yi ƙwari?"

Na ce, "Baba, ta hi da."

Ƙarya nake, tsoro ne fal cikina.

Mai fito a ƙarshen jirgi yake tsayawa, ƙafar da ya sa a baya ita ke ɗaukar nauyinsa duka in ya tokare gora. Tun ina yaro ƙafar dama nake sawa a baya. Sai na yi dabara, na mai da hagu baya, na koma tuƙi ta ɗaya gefen. Muna kaiwa tsakiyar ruwa da matan da suka taso daga kasuwa, jirgi ya fara juyi kamar dutsen niƙa. Abokan aikina a gaɓa har da masu faɗuwa don dariya.

Wata tsohuwa ta rungume kwandon albasarta ta ce, "Kai ɗan nan, gida muka so, ba rawa munka zaka ba!"

Kunya ta fi ƙarfin tsoro. Na yi bisimilla, na mai da dama mazauninta, na danna gora da dukan ƙarfina. Zafi ya harba har ƙugu, amma ƙafa ta tsaya. Na sake dannawa, jirgi ya miƙe. Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba, matan suka amsa mini da guɗa.

Sai da muka taɓa gaɓa na waiga. Ashe Baba Nomau da mutum biyu suna bayana cikin ƙaramin jirgi tun daga tsakiyar ruwa.

Ya ce, "Kihi muka biɗa, ba kai munka biyo ba."

Ko taru babu a jirgin.

Ran nan na san mutanen da nake aiki da su. Mai fito zai yi maka dariya har haƙarƙarinsa ya yi ciwo, amma kafin ya fara, ya riga ya kwance jirginsa.