Shekarar da Hannuna Ya Ƙi Alƙalami

Shekarar da hannuna ya ƙi alƙalami ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Ni da ake kawo wa takarda daga Tofa da Dawanau in kwafi littafi, ni da nake ɗaga rubutun wani in ja tsaki in ce kaji ne suka yi tono a kai, ni zan fito in ce hannu ya riƙe? Haba! Wannan tun kafin Nasara su shigo Kano ne, ina ji da ƙarfi, ina ji da kai.

Abin haushin, a gona hannun lafiyarsa ƙalau. In kama fartanya tun safe har azahar, ko gezau. Amma da na tsoma alƙalami a tawada sai babban yatsa ya danne, manuniya ta ƙage, wuyan hannu ya murɗe. Na sulale na tafi Rimin Gado neman magani, inda ba a san ni sosai ba. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa mini ƙaho. Wata tsohuwa ta ce sanyin jijiya ne, ta ba ni man shafawa. Wani ya ce sammu ne kawai. Sunayen ciwo kam na tara su, sauƙi ne ban samu ba.

Masu kawo kwafi na riƙa sallamar su da cewa aikin damina ya sha kaina. Ana nan sai maƙwabcina ya kwanta, wanda iyaka ɗaya ce tsakanin gonarsa da tawa. Ciwon ciki ne ya ci ƙarfinsa. Mahaifiyarsa, tsohuwar da ta goya ni ina ƙarami, ta zo zaurena da ƙwarya a hannu.

Ta ce, "Malam, rubutun sha za ka yi wa ɗan'uwanka. Ya ce in ba naka ba, ba zai sha na kowa ba."

Na ce, "To Inna, jira ni a waje."

Na saki asabari, na ɗauki allo. Wallahi na gwada. Bisimilla kaɗai na fasa alƙalami biyu, gumi na ɗiga a kan allon. Akwai wani malami a unguwar gaba da zan iya tura ta wurinsa, amma shi ne mutumin da na fi yi wa dariya a kan rubutu. Sai zuciya ta ce mini, ai wankewa za a yi, wa zai gani? Na damƙi alƙalami kamar mai riƙe wuƙa, na yi ta jan layi, ba harafi ko ɗaya, har allon ya yi baƙi. Na yi maza na wanke a ƙwaryar na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu.

Kwana huɗu tana zuwa, kwana huɗu ina yin haka. A na biyar Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ne, ba ruwan tawada a ciki, amma wannan bai taɓa rage mini kunyar ba. Ni na yi masa salla.

Bayan addu'ar uku, mutane sun watse, tsohuwar ta sa aka kira ni. Tana zaune a ƙofar ɗakinsa, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Ko kunu ba ya zama a cikinsa, amma rubutunka yana shanyewa tas. Ranar ƙarshe ya ce mini, Inna, ba na jin tsoro, da maganar Allah a cikina zan tafi." Ta share hawaye da bakin zane. "Waɗanne ayoyi ne ka rubuta masa? Ina so a riƙa karanta masa su."

Nan ne wurin faɗin gaskiya, na kuwa san haka sarai. Na sunkuyar da kai na ce ayoyin waraka ne.

Ta dubi hannuna na dama ta ce, "Allah ya saka wa hannun nan da abin da ya yi wa ɗana."

Ta tsaya tana jira, sai da na ce amin.